Fitilar da Ta Ƙi Kamawa

Yatsunsa na fara gani, dogaye, suna jujjuya ƙaramin allon lantarkina a ɗakin bincike. Ɗan Jos ne, yana digiri na uku. Malamata ta ce in fitilar allon ba ta kama ba kafin ƙarshen zango, za ta canza mini aiki. Ni kuwa na ƙudurta ba zan saki ba.

Na san adireshin fitilar, wato lambar wurinta a allon, amma duk sanda na tura umarni can kai tsaye, sai kernel, wato zuciyar manhajar, ya sume.

"Hajiya, haka kuke kutsa kai gidan mutane a Kano?" ya ce yana dariya. "Nemi iso mana. Miƙa wa kernel adireshin, zai ba ki nasa da za ki bi."

A jirgin ƙasa na layin Sri Petaling, a hanyata ta komawa masauki, na yi ta juya maganar, har da muryar. Na gyara, kernel ya sume, na sake gyarawa. Ranar da fitilar ta yi kore, sai da na yi hawaye.

Aikina ya tsira. Shi kuwa yana koyarwa a Jos yanzu, da iyalinsa. Bai taɓa sanin na so shi ba.