Jagora ya tambaye ni, na ce lafiyarsa ƙalau

Edita, ina gaishe ku da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, duk da na san 'yan unguwarmu Yelwa kafin su kai rabi sun gane mai magana.

Lokacin da abin nan ya faru ni mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Jalingo, kuma yawancin masu cika mini benci ba waya ce ke kawo su ba, bakina ne. In na ga ɓera sai in ce akuya na gani, in kuwa akuyar ce to har gaisawa muka yi. Ba wanda na ƙyale. Amma wanda ya fi kowa shan wuyata shi ne taubashina, ɗan goggona, tela a Kachalla Sembe. Kun dai san zama da taubashi, gaisuwa ma da zagi ake yin ta, maganar hankali kuwa babu ita. Ina kiransa bawana, yana kirana rediyon da ba a kashewa. Siriri ne, kullum ina ce masa in iska ta taso ya rungume keken ɗinkinsa kar mu tsinto shi a Yola. Yana da sikila tun yana yaro, duk dangi sun sani, sai dai ya daɗe bai kwanta ba, har ni da shi muka mai da ita abin tsokana.

Wani malamin makaranta daga Kona da nake gyara wa waya shi ya haɗa tafiyar. Hawan wani dutse ne can bayan Serti, wajen iyakar Kamaru, tafiyar ƙafa ta kwanaki, da jagora da 'yan dako. Na ce a sa da ni. Sai na wuce shagon taubashina na dinga yi masa tsiya a gaban yaransa, cewa dutsen da ya taɓa hawa a duniya shi ne dutsen guga. Har ga Allah ban yi zaton zai biyo ni ba. Ranar tashi sai ga shi a tasha da jaka, ya ɗinka wa kansa rigar sanyi mai aljihu kamar na sojan Kamaru, yana cewa ya zo ne ya ɗauko gawata.

Jagoranmu tsohon maharbi ne, ba shi da yawan magana, Hausarsa rabi Fillanci. Yana da wata ƙa'ida. Ya ce shi ba ya tambayar namiji lafiyar jikinsa, don a gaban maza kowa ƙarya yake yi. Biyu-biyu yake haɗa mutane, kullum da safe ya tambayi kowa lafiyar abokin tafiyarsa. Da ya ji mu 'yan uwa ne sai ya haɗa mu. Ba wanda ya gaya masa irin 'yan uwantakar. Kafin mu ɗaga ya tambayi kowa ko abokin tafiyarsa na da tsohon ciwo. Taubashina ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, ni kuma na ce ciwonsa ɗaya ne, rashin mata. Aka yi dariya aka wuce.

Farkon tafiyar daɗi. Ciyawa ta fi mu tsawo, tsando na cizo ta cikin wando, birai na zaune a kan duwatsu suna kallonmu kamar mun zo zance gidansu. Na ce wa malamin nan wani babban biri ya tambaye ni lambarsa. Sai muka fara tsallake rafuka, wani iya gwiwa, wani har ƙirji, ruwan kuma kamar daga firji aka zubo shi. Kayan jikinmu ba su sake bushewa ba. A haka muka kai wata ruga, ita ce mazaunin mutane na ƙarshe kafin a shiga kurmi. Jagora ya ce duk wanda jikinsa ya ƙi, nan ne wurin tsayawa, akwai wuta akwai nono, zai bar masa ɗan dako ɗaya har mu sauko.

Da safe muna alwala a bayan bukka taubashina ya ce mini ƙasusuwansa sun fara, bayansa da gwiwa, irin na da. Da murya ƙasa-ƙasa ya faɗa, bai yi dariya ba. Shi ne karo na farko da ya taɓa yi mini magana haka, ni kuwa ban san inda ake ajiye irin wannan maganar ba. Na ce masa ai dama na faɗa, tela sai kujera. Ba a jima ba jagora ya zo kaina ya tambaye ni yaya ɗan uwana ya kwana. Mutane na tsaye suna shan shayi, duk sun juyo, don sun saba in na buɗe baki akwai abin dariya. Na ce lafiyarsa ƙalau, lalaci ne kawai, in an ga dama a bar shi nan a ɗaura masa zani ya taya matan ruga tallan nono. Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Ya ce sai ya ga bayana tukuna, ya saɓa jakarsa.

Cikin kurmin ba a ganin rana. Hawa ne kawai, santsi, ga ruwan sama da ya sauko bai ɗauke ba, ga gajimare na bi ta tsakaninmu. Taubashina ya fara zama na baya. Na ga yana dafa bishiyoyi, na ce masa ko awo yake ɗaukar musu. Wajen la'asar ya zauna a kan wata saiwa, ya yunƙura ya kasa tashi. Idonsa ya yi rawaya, numfashinsa sama-sama. Jagora ya durƙusa ya tambaye shi da kansa, sai a lokacin ya ce sikila ce. Mutumin ya ɗago ya kalle ni. Ya zare adda ya shiga saran gora.

Muka ɗaure bargo a jikin gorar muka juyo da shi. Waya ba sabis ko ɗigo. Maganin da ke jakar malam na ciwon kai ne. Da muka iso babban rafin washegari, ruwan sama ya cika shi ya batse, dole muka zauna jiran ya janye. Da aka samu hanya ni na karɓi gaban makarar. Yana ta nishi, amma sai da ya ce wa 'yan dako su shaida, yau ga bawa ɗauke da ubangidansa. Na ce masa nauyinsa bai kai na cajar waya ba. Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Kafin mu kai ƙauyen da ake samun babur, wanda ke riƙe da baya ya ce mu sauke.

Edita, ban ji komai ba. Na tsaya ina kallon takalmina da ya ɓalle, ina tunanin inda zan samu mai ɗinki. A ƙauyen aka yi masa sutura, limaminsu ya sallace shi, na zuba ƙasa kamar ana biyana aikin. Na dawo Jalingo da jakarsa. A zaman makoki mutane suna ta cewa in yi kuka in huta, na matsa ido, babu. Har yau babu. Ina buɗe shago, benci na cika, bakina na aikinsa shi kaɗai, ni ina gefe ina jin sa kamar na wani.

Goggo ba ta san ya gaya mini ciwon ya taso ba. Jagora bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Duk Juma'a takan aiko in je, ta zuba mini abinci, ta ce in ba ta labarin yadda ɗanta ya hau dutse. Sai in ba ta. In ce shi ne a gaba, birai na darewa, ya tsallake rafi da tsalle ɗaya. Tana dariya tana share ido tana ce mini maƙaryaci. 'Yan gidan sun ce ni kaɗai ke sa ta dariya yanzu, don haka ba na fashi.

Na san kwana ya ƙare, ba na jayayya da wannan. Amma ni aka tambaya. Masu zuwa hawan dutse, ku faɗi ciwonku tun a ƙasa, kunyar ba ta kai a dawo wa uwarku da jaka ba. Ku kuma masu baki irin nawa, duk ranar da abokin wasanku ya sauke murya ya yi muku magana ba dariya, ku rufe bakin ku saurare shi. Nawa sau ɗaya ya yi.