Ɗaya ga Janairu

Har yau in na ji an ce ɗaya ga Janairu sai raina ya ɓaci, don ita aka liƙa mini a matsayin ranar haihuwa, kuma ita ta hana ni karatu.

A Kurfi na tashi, a hannun kakata Iya Dije. Bayan isha'i takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa tana tatsuniya. Mace ce mai taurin kai. Lokacin da mutane ke ɓoye 'ya'yansu mata a rumbu don gudun boko, ita da ƙafarta ta kai ni makaranta a Dutsin-Ma, wai sai na zama unguwarzomar asibiti. Ta tafi da takardar da liman ya rubuta da ajami ranar sunana: daren ashirin da bakwai ga Azumi aka haife ni, har da shekarar Hijira.

Malamin ɗaukar yara ko kallon takardar bai yi ba.

"Iya, littafina ba shi da wurin Azumi."

"To ka juya shi zuwa naku mana, Malam. Mi aka ɗauke ka yi?"

Bai juya ba. Ya dube ni, ga ni zanƙaleliya, ya sa na ɗora hannu bisa kai na kamo kunne har da saura. Ya rubuta ɗaya ga Janairu kamar yadda ya rubuta wa kowa, ya ce shekaruna tara, na wuce shekarun shiga makaranta.

Daren da muka dawo babu gyaɗa. Iya ta zunguri wuta, ta ce, "Tatsuniya ta iso, ku ba ta wuri."

Wai dabbobi suka naɗa zakara magatakarda, ya rubuta ranar haihuwar kowa. Kwaɗo ya ce shi a ruwan fari ya zo duniya. Mujiya ta ce ita daren tsayuwar wata. Kunkuru ya ce shekarar da aka haƙa tsohuwar rijiya. Zakara ya ce shi safiya kawai ya sani, ya rubuta duk safiya ɗaya aka haife su. Da aka yi fari, ruwa ya ƙafe, aka nemi dattijon da zai nuna inda rijiyar take. Kunkuru ya buɗe baki, ɗan tsako ya ce, "Yi mana shiru, ai littafi ya ce mu sa'o'i ne." Haka ƙishirwa ta gama da su.

"Zakaran hwa, Iya?" in ji wana.

"Shi yana nan da rai," ta ce, "mun gan shi yau da alƙalami."

Yaran suka yi dariya. Ni kuka na yi.

Kwanan baya jikata Hauwa ta sayo mini waya, tana saita ta, ta tambaye ni, "Hajiya, wane kwanan wata kike so ta nuna, na Hijira ko na boko? Rana a gaba ko wata?" Ashe har ƙarfe ya san a tambayi mutum lissafinsa. Na ɗauko takardar liman daga ƙasan adaka, na faɗa mata abin da ke ciki. Kafin in gyara zama wayar ta juya shi zuwa na boko. Muka lissafa: ranar da aka kore ni, shekara bakwai ma ban cika ba.

Aikin ƙiftawar ido ne ga waya, ga malamin nan kuwa tambaya ɗaya wajen alƙali, da ya san lissafin Hijira da na boko, ta ishe shi. Ƙyuya ce kawai da raini.

Hauwa ta miƙo mini wayar in ga ranar haihuwata da idona. Na daɗe ina kallon rubutun, sannan na mayar mata, na ce ta karanta mini.