Rediyon Kawu a Gindin Tsamiya

Jiya a mota, a hanyar Kabo, na ji ana gardama kan ko gwamnati ta ci gaba da ɗaukar nauyin gidan rediyonta. Sai kawuna na Getso ya faɗo mini a rai.

Kullum bayan la'asar yana gindin tsamiya, goro a kumatu, rediyonsa ɗaure da roba yana shan iska. Ɗan gani-kashe-nin jam'iyya mai mulki ne. Wata rana ina zaune kusa da shi, gidan rediyon gwamnati ya ba ɗan adawa dama, yana ta caccakar rabon taki. Shugaban jam'iyya na mazaɓa, da ke zaune tare da mu, ya miƙa hannu zai kashe.

Kawu ya riƙe hannun. "Alhaji, bar shi ya gama."

"Malam, gwamnatinmu ce fa ke ciyar da gidan nan."

"Da harajin wa? Shi ma yana biya."

A daminar shekarar Kawu bai samu taki ba. Kashin awaki ya kwasa ya kai gona, bai taɓa ƙorafi ba. Har yau idan aka tambaye ni ko ni ɗan ƙanwarsa ne, da ƙarfi nake amsawa.

Allah ya kai haske kabarinka, Kawu, ya ba mu zuciyar barin mutum ya gama maganarsa.