Matar da Dirkje Ta Yanke daga Hoto

Abin da ya kawo Ilinca gidan Dirkje Mulderij bai wuce hoto ɗaya ba, hoton fuskar mahaifiyarta, wadda ta rasu ba ta bar ko guda ba. Dirkje kuwa kundin hotuna goma sha ɗaya gare ta a kabad ɗin falo, kowanne da shekarunsa a rubuce a gadon baya. Duk garinmu babu mai cewa wannan roƙo zai yi mata wuya. Amma kafin a kai ga ranar, sai an san wace ce Dirkje.

'Yar mai kiwon kaji ce. A nan garin aka haife ta, a nan ta auri Lubbert magini, ta haifa masa maza uku ba mace ko ɗaya. Shekara talatin ta yi tana tantance ƙwai a kamfanin bakin gari, tana ware mai tsagu da mai datti, halin kuma ya biyo ta har gida. Ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ko labulen maƙwabta ne ya zame sai ta ƙwanƙwasa ta faɗa musu. Ranar Lahadi sau biyu take zuwa coci da baƙar hularta, kuma ta san duk wanda ya zo sau ɗaya. Ba muguwa ba ce, kada a yi mata ƙarya. Idan ka kwanta ciwo miyarta ce za ta fara isowa, tare da bayanin gangancin da ka yi har ciwon ya kama ka.

A shekarar 1993 ikilisiyarmu ta ɗauki nauyin wani gidan marayu a wani ƙauye na Romaniya. Lokacin tafiya shi ne hutun magina, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, don lokacin ne kaɗai Lubbert da abokan aikinsa ke ajiye cebur. Kwana uku ake yi a hanya, babbar mota a gaba cike da katifu da kwanon rufi da rigunan sanyin da matan zumunta suka saƙa, ƙaramar bas a baya ana rera zabura. Da an isa maza su hau rufi, mata su shiga ɗakunan yara.

Can Dirkje ta haɗu da Ilinca, 'yar shekara uku, an yi mata aski ƙwal, ba ta magana. Yarinyar ta kama gefen siket ɗinta ta ƙi saki. Dirkje, wadda ta daɗe tana saƙa wa 'ya'yan wasu riguna ruwan hoda, nan take zuciyarta ta tafi. Da ta duba takardar yarinyar ta ga shida ga Agusta aka haife ta, wato suna nan ranar za ta zo, sai ta ce dole a yi biki yadda mutanen kirki ke yi. Ta sa aka jera kujeru a da'ira a tsakar gida, aka kawo kek da kofi, ta kuma koya wa masu kula da yaran tsarinmu: duk wanda ya shigo zai bi da'irar yana ba kowa hannu yana taya shi murna, kuma uwar mai biki ake fara taya. Matan suka yi cirko-cirko. Dirkje ta ɗauka ba su gane ba ne, sai ta sa tafinta ya gaya musu tunda yarinya ba ta da uwa, ita za a taya. Ita ce kuma ta koya wa Ilinca ta riƙa ce mata Mama Dirkje. Shekara bakwai ana haka, tana zaune da yarinya a cinya ana bi ana ba ta hannu. Ba ta taɓa tambayar yadda iyayen suka mutu ba. Allon ƙofa ya ce gidan marayu, Dirkje kuwa mace ce mai yarda da abin da aka rubuta a allo.

Kowace shekara a ranar, wata siririyar mace mai ɗankwalin furanni takan tsaya a bayan shingen waya da jakar leda a hannu. Shugaban gidan ya ce mabaraciya ce, ta ji ƙamshin baƙi. Dirkje da kanta take kai mata yankan kek a takarda, ta ɗora mata ƙunshin gwanjo ta saman shinge. Matar takan karɓa ba ta ko dube ta ba, idonta na can bayan kafaɗar Dirkje. Abin ya riƙa ɓata wa Dirkje rai, har ta ce wa Lubbert mutanen nan ba a koya musu godiya ba.

Idan an dawo gida an wanko hotuna, sai ga matar nan a gefen kowanne, ta ɓata tsarin. Dirkje takan sa almakashi ta cire ta, ta manna sauran a kundi tsaf. Guda ɗaya ne ya tsira, wanda Lubbert ya ɗauka, matan zumunta suka ƙara masa girma suka rataye a zauren coci. Shi ma a ƙasansa da rubutun Dirkje mai kyau: Ilinca marainiya a cinyar mamanta Dirkje, a baya kuma wata mabaraciya.

Daga baya aka rufe gidan, aka watsa yaran, wasiƙun Dirkje suka riƙa dawowa. Ta yi kuka, sannan ta koma wasu gidajen, ba ta fasa tafiya ko shekara ɗaya ba. A garinmu uwar marayu ake ce mata, Lubbert da tsokana, sauran da gaske. Da ta cika shekara ashirin da biyar tana wannan aikin, Woutertje shugabar zumuntar mata ta shirya a karrama ta a zauren coci wata Asabar da yamma.

Larabar makon Ilinca ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta zama mace 'yar ashirin da takwas, tana aikin jinya a wani gidan tsofaffi, tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa, harshenmu ya zauna a bakinta. A sanarwar bikin ta ga sunan Dirkje. Dirkje ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Sau biyu ta buɗe gwangwanin biskit a zama ɗaya, abin da 'ya'yan cikinta ba su taɓa gani ba. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mata, yarinyar Goggo take ce mata, ba Mama ba.

"Goggo, hoton mahaifiyata na zo nema," in ji Ilinca bayan ta ajiye kofi. "Bara ta rasu. Ba ta yarda a ɗauke ta hoto, wai haƙoranta sun zube. Amma tana cikin naki. Duk shekara tana bakin shinge."

Dirkje ta ce wane shinge, alhali ta riga ta gane.

Ilinca ta ba da labarin a natse, kamar mai bayanin magani. Sunan matar Viorica. Mijinta ya mutu, ta sami aiki a masaƙa a birni, ɗakin kwanan ma'aikata kuma ba a shiga da yaro, shi ya sa ta kai 'yarta gidan. Hutun kwana ɗaya take samu da ƙyar, takan ajiye shi don ranar haihuwar, ta yi awa biyar a bas. Amma shugaban gidan ya kafa doka, muddin baƙi na nan iyaye ba sa shiga, don baƙi marayu suka zo taimaka wa, idan suka ga uwaye za su kai kwanon rufinsu wani wuri. Yaran kuma an gaya musu duk wanda ya je bakin shinge ya ce mama, shi ya ja wa kowa kwana cikin sanyi. Don haka Ilinca takan zauna a cinyar Dirkje tana cin kek tana satar kallon uwarta. Abin da ke cikin jakar leda burodi ne mai zaƙi da Viorica ke toyawa, mai gadi take bar wa. Da aka rufe gidan ita ta zo ta ɗauki 'yarta, ta riƙe ta har ta girma.

Dirkje ta ɗauko kundin don ba yadda za ta yi. Suka bi shekaru bakwai shafi-shafi. Ga kujeru a da'ira, ga kek, ga Dirkje tana washe baki, kowane hoto kuma gefensa ɗaya ya fi ɗayan gajarta. A na shekara ta biyar almakashi ya bar yatsu huɗu riƙe da waya. Ilinca ta daɗe tana kallonsu.

"Kin iya yanka, Goggo," ta ce. "Ko karkata babu."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Kunya ta rufe Dirkje har ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. A nan kuma ta yi abin da ya fi damunta har yau. Ta san akwai hoto a zauren coci da fuskar Viorica a fili, ta kuma tuna abin da ta rubuta a ƙasansa, sai ta yi gum. Ta ɓamɓare hoton mai yatsun daga kundi ta ba yarinyar, ta raka ta bakin ƙofa, har da cewa a sauka lafiya.

Lubbert yana kicin, ya ji komai.

"Uwar marayu, ai akwai na zauren coci."

"Na sani."

"To?"

"Ka manta abin da na rubuta a ƙasa ne?"

Ya ce abu ne mai sauƙi, yana da makullin zaure, gobe da safe zai kwance shi, a yanke rubutun, a aika wa yarinya, a ce wa Woutertje gilashin ne ya fashe. Kwana biyu Dirkje tana juya shawarar, kuma gaskiya ta kwanta mata. Abin da ya hana ta shi ne da ta ɗauko almakashin ta riƙe, sai ta ga aikin da ta yi shekara bakwai ne za ta sake yi. Ranar Juma'a ta buga wa Ilinca waya ta roƙe ta ta zo gobe, ta ce akwai abin da ta ɓoye mata.

Ranar Asabar zaure ya cika, kujeru a da'ira, kowa ya shigo ya ba Dirkje hannu, ya ba Lubbert, ya ba 'ya'yansu da surukansu. Ilinca na zaune kusa da ƙofa. Woutertje ta yi jawabi mai tsawo, ta nuna hoton bango ta ce wannan shi ne tarihin 'yar'uwarmu a taƙaice. Da aka ba Dirkje dama ta yi godiya, sai ta ce wa Lubbert ya sauko da hoton. Ta riƙe shi, ta karanta rubutun da ƙarfi, sannan ta faɗi sunan mabaraciyar da abin da ke kawo ta bakin shinge. Ta ce shekara bakwai ta zauna a kujerar matar nan ana taya ta murnar haihuwar da ba ta yi ba, ta biya ta da yankan kek, ta kuma zarge ta da rashin godiya. Ba ta rage komai ba, har shirun da ta yi ranar Laraba.

Rabin mutanen zauren sun hau bas ɗin nan, sun ga matar, wasu ma sun miƙa mata gwanjo. Wani dattijon ikilisiya ya gyara murya ya ce ai babu wanda ya sani. Dirkje ta ce masa babu dai wanda ya tambaya.

Ta fitar da hoton daga gilashi, ta ƙarasa wurin Ilinca, ta ciro almakashi daga jakarta ta miƙa mata tare da shi. Ta ce ta yanke rubutun, ta yanke ita Dirkje ma, ta tafi da uwarta ita kaɗai.

Ilinca ba ta karɓi almakashin ba. Ta ɗora yatsa a fuskar Viorica, ta bi inda idonta ke kallo har ya sauka kan yarinyar da ke riƙe da kek.

"Ni take kallo, Goggo, ni kuma ina cinyarki. Idan aka yanke ki wa za ta kalla? A bar shi yadda yake."

Ta naɗe hoton da rubutun da komai, ta sa a jaka, ta kama jirgin ƙasa na ƙarfe biyar.

Dirkje tana nan, ta haura saba'in. Tana saƙa har yanzu, amma ba ta sake hawa bas ɗin ba, kuma duk wanda ya ce mata uwar marayu sai ta kau da kai, Lubbert ma ya daina. Inda hoton ya rataya a zauren coci fenti ya fi sauran bangon haske, ga ƙusa a tsaye ba komai a kanta. Sau biyu Woutertje na kawo mai fenti, sau biyu Dirkje na mayar da shi. Duk ranar taron zumunta, kujerar da ke fuskantar wurin take ɗauka.