Ranar da Baffa Sule ya farka a lahira

Duk wanda ya zauna a unguwar Zahir ta Makka a shekarun sittin ya san Baffa Sule mai tsire, ƙanin mahaifina, kuma ya san ƙunshinsa. Farin yadi ne a naɗe cikin tsohon rawani, kullum yana hammatarsa. Likkafaninsa ne. Da hannunsa ya wanke shi da Zamzam, ya shanya, ya naɗe. Kasuwa da shi, ɗaurin aure da shi. In ka ce, "Baffa, ajiye mana ka ci abinci," sai ya harare ka ya ce, "In ya zo fa?" Mala'ikan mutuwa yake nufi.

Burinsa ɗaya ne a duniya: ya mutu a cikin Makka, a yi masa salla a Harami. A ƙafa ya taho daga gida, ta Chadi da Sudan, don haka ya ce ba zai sha wannan wahala ba sannan ajali ya riske shi a bayan gari. In ba aikin Hajji ba, ba ya ƙetare iyakar Harami ko da taku.

Sai ga saƙo daga Malam Haruna, abokin tafiyarsa tun daga Chadi, wanda ya zauna a Jidda yana sana'ar kifi. Ya ce mu zo ya kai mu Abhur, bakin teku a gefen Jidda, mu ga bahar, mu ci kifi. Baffa ya ce a gaishe shi. Malam Haruna ya sake aikowa: in bai zo ba, ya yafe gaisuwar. Wannan ce ta kama shi.

Muka shiga motar ɗaukar kaya da safe. Baffa ya ƙi zama gaba, ya koma can ƙarshen baya ya juya yana kallon Makka, wai ya zama na ƙarshen fita. Da muka iso alamar iyaka a Shumaisi ya buga motar.

"Tsaya! Isa, taɓa wuyana. Akwai zazzaɓi?"

Na taɓa. "Babu, Baffa."

"Kai me ka sani? Direba, zo ka taɓa."

Direba ya sauko ya taɓa, ya rantse masa lafiya lau. Baffa ya ce, "To in ya zo a can, kar ku tsaya kuka. Ku ɗora ni ku juyo. In an tambaya, ku ce barci nake."

Jama'a, Abhur! Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Bakinsa kore-kore, gaba shuɗi, kana hango duwatsun ƙasa da ƙananan kifaye suna yawo kamar babu ruwan a tsakani. Malam Haruna da surukinsa Abbakar, haifaffen Jidda da Larabci ya fi masa Hausa sauƙi, suka shimfiɗa tabarma, suka ɗora shayi. Baffa ya zauna ya ba bahar baya.

"Sule, juyo ka ga ikon Allah," in ji Malam Haruna.

"Na gan shi da muka ƙetaro daga Sudan."

"Ƙarya kake! Kanka a cikin buhu yake har muka sauka."

"To na ji shi. Ya isa."

Aka kawo wani kifi shuɗi da kore, bakinsa kamar na aku. Baffa ya juya shi da tsinke, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya rina shi?"

"Haka Allah Ya yi shi, ya Ammi," in ji Abbakar.

"Yaro, ni jikan marina ne. Wannan ya kwana a baba." Ya ƙi ci. Shinkafar da aka dafa da romonsa kuwa ya cinye faranti, ya nemi ƙari, wai ita ba ta canza launi ba.

Cikinsa ya ɗauka, iska ta kaɗa, barci ya kwashe shi, ƙunshin ya zame gefe. Rana ta take. Abbakar, bawan Allah, ya ga tsoho kwance cikin rana, ya ga yadi, bai san komai ba. Ya warware shi, ya kafa sanduna, ya yi masa rumfa. Ni ina cikin ruwa na hango, na ce bari in fito in hana, sai wani kifi mai ratsi ya ɗauke mini hankali.

Sanda ɗaya ta faɗi, yadin ya sauko ya rufe Baffa tun daga kai har ƙafa. Ya buɗe ido cikin fari, ya shaƙi turaren da shi da kansa ya sa. Sai muka ji murya daga ƙarƙashi, a hankali:

"Inna lillahi. Ya zo. A Jidda!"

Malam Haruna ya ɗaga gefen yadin ya leƙa. Baffa ya ƙura masa ido.

"Haruna, har da kai? Motar ce ta kife?"

"Tashi, Sule, la'asar ta kusa."

"Ana salla a nan ma?"

Kafin mu gama yi masa bayani iska ta fizge yadin ta jefa a bahar. Nan aka rikice. Abbakar yana ihun "Yalla, yalla!" bai san me ake bi ba. Direba yana tambaya ko ruwan gishiri yana karya Zamzam. Malam Haruna ya ce ba ya karyawa, sannan ya ce a dai tambaya. Baffa kuwa, mutumin da ya ƙi ko kallon ruwan, ya faɗa ciki da rigarsa har ƙirji ya cafko abinsa.

Sai ya tsaya a wurin. Ya daɗe yana kallon yamma, yadin yana ɗiga a kafaɗarsa.

"Haruna, ta can muka fito?"

"Ta can."

"Ashe da kyau," ya ce. Sannan ya juyo ya daka mana tsawa mu tattara, rana na faɗuwa.

Bayan shekaru, da ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce a kai shi asibitin Jidda. Muka taru muna lallashi, har da kuka. Ya girgiza kai.

"Na taɓa mutuwa a Jidda sau ɗaya. Bai yi mini daɗi ba."

Muka ƙyale shi. A ɗakinsa na Zahir ya cika, muka ɗauke shi a kafaɗa zuwa Harami, aka yi masa salla bayan la'asar cikin sahun da ban ga ƙarshensa ba. Allah Ka jiƙan Baffa Sule, Ka yafe mana dariyar da muka yi masa, Ka tashe shi cikin maƙwabtan Ɗakinka.