Jan Katin Banɗaki

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi tana ɗinka kwalar riga a wani kamfanin ɗinki, a layi na uku, kusa da tagar da ba ta buɗuwa. Mata arba'in ne a ɗakin, banɗaki ɗaya.

Sai aka kawo sabon manaja, wanda suka sa wa suna Agogo, don ba ya magana sai ya duba tsintsiyar hannunsa. Ya zo da jan kati guda ɗaya, ya ajiye a teburinsa. Duk wadda fitsari ya matsa, sai ta tsaya gabansa ta roƙa.

"Baba, ɗazu fa kika je," yakan ce wa Gwaggo. "Ko rijiya kika haɗiye?"

Matan suka daina shan ruwa sai an tashi aiki ƙarfe biyar. Gwaggo takan wuni leɓe a bushe, bayanta na ciwo, keken ɗinki na gudu.

Da ya gaji da ganin fuskokinsu, sai ya miƙa wa Gwaggo katin. "Ke ce babba, ki riƙe. Kowa sau biyu a wuni. Aka yi na uku, a bakin aikinki."

Tun daga ranar hira ke mutuwa in ta matso. Waɗanda ta koya wa zura zare suka koma kiranta Matar Agogo.

Akwai mai sa maɓalli, cikinta wata bakwai. Wata rana ta zo karo na uku, tana matse ƙafafu.

"Yaya, ki rufa min asiri. Yaron nan a kan marata yake zaune."

Gwaggo ta dubi ofishin gilashi. Agogo na kallo. Ta tuna bakuna biyar da ke jiranta a gida. Ta miƙa katin, ta ce, "Je ki, kada ki yi sauri."

Kafin mai cikin ta dawo, an ɗora wata a kan keken Gwaggo. Katin ya koma teburin Agogo, kuma babu wadda ta ɗaga kai lokacin da Gwaggo ke naɗe tsummanta.

Yanzu tana gida, ƙodarta ta taɓu. Likita ya ce ta yawaita shan ruwa. 'Yar ɗan'uwanta takan kawo mata kofin ruwa da safe, ta karɓa, ta sa albarka, ta ajiye a gefen kujera.

"Gwaggo, ki sha mana."

"Bari dai ƙarfe biyar ta yi, 'yar nan," takan ce. "Sai an tashi."