Wa Zai Doki Bayan Baba?

Har gobe ban manta da Alhamis ɗin da goro ya so raba mu da shugaban makarantarmu ba. Lokacin ina shekara ta biyu da fara aikin nas a wata sakandaren kwana tsakanin Isa da Tozai. Ni kaɗai ce ma'aikaciyar lafiya, ga cikin wata takwas ina turawa.

A farkon zangon na tara malamai na koya musu taimakon gaggawa. Idan abu ya maƙale wa mutum a maƙogwaro amma yana iya tari, a bar shi ya yi ta tari. Idan magana da tari sun gagara, ba a ba shi ruwa. A sunkuyar da shi, a doke shi da tafi tsakanin kafaɗu har sau biyar, in abin bai fito ba a rungumo shi ta baya a matsa saman cibiya. Da buhun gero muka yi gwaji. Malaman nan suka jibgi buhu kamar da ma suna cike da shi, har Malam Sani mai kula da ladabtarwa ya fasa shi. Na koma gida ina murna, ban lura buhu ba shi da furfura ba.

Shugabanmu Alhaji Mainasara Bagobiri ne, ƙato, kuma shi ya koyar da rabin malamansa tun suna yara. Kowa Baba yake ce masa. Ba mai haɗa ido da shi sai Malam Taju na lissafi, Bayarabe haifaffen Sabon Birni. Kun san wasan Gobirawa da Yarbawa: kullum suka haɗu sai sun yi musun wane ne ubangidan wani.

Ranar muna taro a ɗakin malamai, Baba ya jefa ɓarin goro a baki, wani ya faɗi abin dariya. Sai na ga dariyar Baba ta yanke, ya kama wuya, idanu waje, ba tari ba magana.

Na sunkuyar da shi na doka sau biyar. Ni 'yar guntuwa, shi cikin babbar riga mai sitaci, kamar ina kaɗe masa ƙura. Rungumar kuwa cikina ya hana. Na ce, "Malam Sani, zo ka buga!"

Ya matso, ya ɗaga hannu, ya sauke. "Malama, Baba ne hwa. Shi yak koya min baƙi. Hannuna ba ya kai nan."

Sauran suka zagaye mu suna "Sannu Baba, sannu Baba," wani har da miƙo kofin ruwa. Leɓen Baba ya fara canza launi. Wallahi na ji tsoro, don na san kafin mota ta kai mu Isa mai aukuwa ta auku.

Sai na hango Malam Taju yana kutsowa daga bakin ƙofa. Na ce, "Malam Taju, ga Bagobirinka nan!"

Yana naɗe hannun riga ya ce, "Na daɗe ina jiran wagga rana." A duka na uku goro ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur. Baba ya ja numfashi mai ƙara, Malam Taju ya ƙara masa ɗaya.

Da Baba ya dawo hayyacinsa, hawaye na zuba, ya ce, "Bayarabe, ukun na gode. Na huɗun kau ba na magani ba ne, kuma za ni ramawa."

Mun kai shi asibiti aka duba shi, lafiya lau. Ni kuwa a ranar na gane cewa a wurinmu koya wa mutane yadda ake duka ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce samo musu izini. Tun daga nan duk makarantar da aka tura ni, kafin in duba akwatin magani nakan binciki abokin wasan kowane babba.

A horon zango na gaba na aika a ɗauko buhu, Baba ya hana. Ya tuɓe babbar riga, ya sunkuya gaban malamai ya ce, "Duk wanda yaƙ ƙi buguna ran da nis shaƙe, ban yahe mai ba. Sani, taho."

Malam Sani ya ɗan taɓa shi yana sunne kai. Baba ya ce, "Haka kab bugi buhu?"

Malam Taju ya miƙe daga baya yana naɗe hannun riga. Baba ko juyowa bai yi ba.

"Ban da kai."